Kafin Ka Ajiye Aiki a Amurka, Ƙanena

 Saƙonka ya iso, na kuma ji shawarar da ka yanke, cewa da zarar ka cika shekara 60 za ka ajiye aiki ka huta. Ban ga laifinka ba. Mutumin da ya daɗe yana tashi kafin asuba ya kama hanyar ma'aikata, tsayuwa ta cinye masa gwiwa, aikin dare ya lalata masa barci, ba wanda zai ce hutu bai kamace shi ba. Ka jero mini abin da ka tara a asusun ritaya na 401k, da bashin gidanka na Houston da ya kusa ƙarewa, da kuɗin hayar shagunanka na gida. Lissafin ya yi kyau. Sai dai na bi shi daga sama har ƙasa ban ga inda ka sa asibiti ba, alhali a ƙasar nan asibiti ne yake rushe wa irinmu lissafi.

Inshorar lafiya ta gwamnati da ake ba tsofaffi, wato Medicare, ba ta soma aiki sai mutum ya cika 65. Haka aka tsara ta tun ranar 30 ga Yuli, 1965, da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu, kuma har yau ba a sauko da shekarun ba. Waɗanda ake ɗauka kafin nan su ne masu nakasar da gwamnati ta tabbatar, bayan sun yi shekara 2 suna karɓar kuɗin nakasa, sai masu ciwon ƙodar da ya kai ga wanki, da wasu 'yan kaɗan. Ba na yi maka fatan shiga ta wannan ƙofar.

Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne fanshon Social Security. Shi ana iya fara karɓarsa a shekara 62, sai mutum ya ɗauka tunda gwamnati ta amince ya tsufa, to, ta ɗauke masa asibiti ke nan. Ko kusa. Hasali ma wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakken fanshonsa sai ya kai 67. Idan ya karɓa a 62 za a zabtare masa kashi 30 cikin 100 har ƙarshen ransa, kuma duk da haka sai ya jira shekara 3 kafin Medicare. Akwai wani dattijo a masallacinmu a nan Bronx, mutumin kirki, mai hannun kyauta, da ya ajiye aiki a 62 da wannan zaton. Da ya gane gaskiya sai ya ce ai shi bai taɓa kwana a asibiti ba, zai lallaɓa. Bai kai 64 ba ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti sun karɓe shi, don dokar 1986 ta hana ɗakin gaggawa korar mai neman agajin gaggawa, amma dokar ba ta ce kyauta ba ne. Takardun bashi suka yi ta zuwa. Juma'a bayan Juma'a ana sanarwa a taimaka, aka tara abin da Allah ya hore, bai kai ko'ina ba. Mutumin da shi ne yake fara zura hannu a aljihu idan an yi sanarwa, sai ga shi ana ambaton sunansa a lasifika. Ciwon ya taɓa shi, amma ni a ganina wannan ya fi taɓa shi.

Kai yanzu abin da ka sani game da kuɗin inshora shi ne ɗan abin da ake cira daga albashinka duk sati biyu. Wannan ba shi ne kuɗin ba. Ɗauko takardar W-2 ta bara, ka duba akwati na 12, inda aka sa harufan DD. Adadin da ke wurin shi ne jimlar abin da kai da kamfani kuka biya. Cibiyar KFF, wadda take bin diddigin wannan harka duk shekara, ta ce a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572, amma abin da ma'aikaci ya biya daga aljihunsa bai wuce dala 6,300 ba. Ragowar kamfani ne ya ɗauka. Ranar da ka miƙa katin shiga ma'aikata, ranar wannan kason yake dawowa wuyanka.

Ɗaure lafiyar mutum da wurin aikinsa kuwa tsohon al'amari ne da ya samo asali daga Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnati ta hana ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da inshora, daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kanta, abu ya zauna. A da manyan kamfanoni sukan ci gaba da riƙe ma'aikacinsu bayan ya yi ritaya. A 1988 kashi 66 cikin 100 na manyan kamfanonin da ke ba da inshora suna yin haka. Yau da ƙyar ake samun ɗaya cikin huɗu. Ka tambayi ofishin ma'aikatanku ko kuna ciki, kuma ka ce a ba ka amsa a rubuce.

In ba ku ciki, abu na farko da za su miƙo maka shi ne COBRA. Doka ce da ta ba ka damar ci gaba da inshorar kamfanin har wata 18 bayan ka bar aiki, muddin kamfanin yana da ma'aikata 20 ko fiye. Likitanka bai canza ba, maganinka bai canza ba, amma kai za ka biya kuɗin gaba ɗaya, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Wato adadin nan na akwati na 12, ka raba shi gida 12, shi ne kuɗin wata. Ga wanda ya ajiye aiki yana da shekara 63 da rabi, COBRA tana iya kai shi bakin 65 daidai. Kai da kake maganar 60, za ta sauke ka kana 61 da rabi, da sauran tafiya mai nisa.

Daga nan sai kasuwar inshora ta Obamacare. Ni ba na cikin masu zagin wannan doka, don na ga zamanin da babu ita. Kafin Shugaba Obama ya sa mata hannu a watan Maris na 2010, kasuwar kuma ta buɗe sosai a 2014, mai hawan jini ko ciwon suga ɗan shekara 60 idan ya je sayen inshora da kansa, kamfani yana iya ce masa a'a kai tsaye, ko ya karɓe shi ya ce ban da ciwon da ya zo da shi. Yanzu an hana wannan. Hawan jininka ba zai sa a kore ka ba, ba kuma zai sa a ƙara maka kuɗi ba. Shekarunka ne za su sa. Doka ta yarda a caji ɗan shekara 64 ninki uku na abin da ake cajin ɗan shekara 21. Mu a New York, da maƙwabtanmu na Vermont, ba a bambanta kuɗi saboda shekaru, amma kai a Texas kake. A wurare da yawa ɗan shekara 60 shi kaɗai, ba tare da tallafi ba, matsakaiciyar inshora tana haura masa dala 1,000 a wata. Ka haɗa da maman yara, ka ninka da wata 12, za ka ga kun doshi dala 20,000 ko kun wuce, kuma ba a ga likita ba tukuna. Mai shan taba ana iya ƙara masa har rabin kuɗin. Allah ya raba ka da wannan tun tuni.

Abin da ke sauƙaƙa wannan nauyi shi ne tallafin gwamnati, kuma a nan nake so ka buɗe kunne da kyau, don nan ne mutum yake cutar kansa da hannunsa bai sani ba. Tallafin ba ya duban dukiyarka. Ko kana da gida uku da asusu maƙare, ba ruwansu. Abin da suke dubawa shi ne kuɗin da ya shigo maka a shekarar, kamar yadda ya fito a takardar haraji. Asalin dokar ta ce tallafi na wanda kuɗin shigarsa yake tsakanin ma'aunin talauci da ninki huɗu na ma'aunin ne. A 2025 ma'aunin talauci na gidan mutum biyu dala 21,150 ne, ninki huɗu ya zama dala 84,600. Wanda ya tsaya ƙasa da wannan layi kaɗan, abin da za a nema daga gare shi na matsakaiciyar inshora bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba, gwamnati ta cika sauran. Wanda ya haura layin ko da dala ɗaya ce, ba shi da ko sisi. Dala ɗaya tana iya jawo wa ma'aurata masu shekarunku asarar sama da dala 10,000.

A 2021, lokacin korona, Majalisa ta ɗage wannan layi, ta ce kowa kada ya biya fiye da kashi 8.5 cikin 100 na kuɗin shigarsa. A 2022 aka tsawaita sassaucin zuwa ƙarshen 2025, kuma ka ga irin rigimar da aka tafka a kansa a Washington da wa'adin ya matso, har gwamnati ta rufe sama da wata guda. Mutane da yawa sun ajiye aiki a shekarun sassaucin suna ganin inshora ta yi araha ke nan har abada. Kai shekara 5 kake son tsallakewa, a cikinsu za a yi zaɓe fiye da sau ɗaya. Ka yi lissafinka da tsohuwar doka mai layi. In an sassauta, riba ce.

To, mene ne kuɗin shiga a wurinsu? Duk dalar da ka ciro daga 401k kuɗin shiga ce. Ka ce mini kana so ka ciro dunƙule ka ƙarasa bashin gida ka huta da banki. Niyya ce mai kyau, na san kuma abin da yake damunka game da kuɗin ruwa. Amma shekarar da ka yi haka ka haura layi, kuma tallafin da aka riga aka biya maka wata-wata, idan lokacin haraji ya zo, za a ce ka mayar da shi duka. Kuɗin hayar shagunanka na gida ma kuɗin shiga ne, don Amurka tana bin ɗan ƙasarta da mai girin kad da haraji a kan abin da ya samu a ko'ina a duniya. Na san 'yan'uwa da yawa suna kau da kai daga wannan. Ni dai ba zan ba ka shawarar ɓoyewa ba. Ribar filin da ka sayar, ita ma haka. Fanshon Social Security idan ka fara karɓa, duka ake lissafawa. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne tsabar kuɗin da ka riga ka biya wa haraji ka ajiye a banki, da abin da ka ciro bisa ƙa'ida daga asusun ritaya na Roth. Saboda haka mai son ajiye aiki da wuri yakan fara tara irin wannan kuɗin shekaru kafin ranar, don ya riƙa cin abinci daga gare shi yana riƙe takardar harajinsa ƙasa da layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma ka ce bari ka matse kuɗin shigar har ƙasa. A jihohi 40 da birnin Washington, wanda kuɗinsa ya gaza kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci yana faɗawa Medicaid, inshorar marasa ƙarfi. Texas ba ta cikinsu, haka Florida da Georgia. A can idan ka sauka ƙasa da ma'aunin talauci, babu tallafin kasuwa, Medicaid kuma ba ta ɗaukar babba lafiyayye don talauci kawai. Ka ga ke nan sama akwai layi, ƙasa akwai rami, dole ka bi ta tsakiya. Kuma kai da maman yara sai kun cika takardar haraji tare, in kuka raba ba tallafi.

Kuɗin wata ma rabin labari ne. Inshorar kasuwa aji-aji ce: ta tagulla, ta azurfa, ta zinariya, da ta sama da su. Ta tagulla ita ce mai arahar wata, amma sai ka kashe dubban daloli daga aljihunka kafin kamfani ya fara biyan yawancin abubuwa. Doka ta sa iyaka ga abin da za ka kashe a shekara. A 2025 dala 9,200 ce ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. Wannan adadin ka ɗora shi a kan kuɗin wata, shi ne kuɗin mummunar shekara, kuma mai shekara 60 da hawan jini ya kamata ya ɗauka cewa cikin shekara 5 ɗaya za ta iya zama mummuna. Kafin ka zaɓa, ka duba ko likitanka yana cikin waɗanda inshorar take hulɗa da su, ka kuma duba sunan kowane maganinka a jerinsu. Idan inshorar da kake da ita yanzu tana ba da damar asusun ajiyar kuɗin asibiti na HSA, ka cika shi maƙil a shekarun da suka rage maka: a 2025 iyali suna iya zuba dala 8,550, da ƙarin dala 1,000 ga wanda ya kai 55. Ba a cire masa haraji wajen shiga, ba a cirewa wajen fita in dai asibiti aka biya, har kuɗin COBRA ana iya biya da shi.

Za a yi ta kiranka a waya ana tallata maka inshora mai arahar banza, ta gajeren lokaci, ko ta ƙungiyoyin da suke cewa suna raba wa juna kuɗin asibiti. Waɗannan dokar Obamacare ba ta ɗaure su ba. Suna iya ƙin biyan ciwon da ka zo da shi, kuma ba za ka sani ba sai kana kwance. Ka kashe wayar kawai.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wadda ban ga ka ambata ba ko sau ɗaya. Maman yara ka girme ta da shekara 7. Medicare ba ta san iyali ba, kowa da ranar haihuwarsa. Ranar da ka cika 65 ka samu katinka, ita tana 58. Kai giɓinka shekara 5 ne, nata 12. Wannan ya zama ruwan dare a gidajenmu, don yawancinmu mun zo mun yi shekaru muna fafutuka kafin mu koma gida mu yi aure, matanmu ba sa'o'inmu ba ne. Magidanci yakan lissafa nasa ya manta cewa inshorar da ke biya wa matarsa awon suga daga wurin aikinsa take fitowa. Haka autanku da ke jami'a, doka ta ba shi damar zama a inshorarka har ya kai 26, amma sai in akwai inshorar. Ka zaunar da ita ku yi wannan magana, ba wai ka sanar da ita bayan ka yanke ba. Idan aikinta na kula da tsofaffi zai iya komawa cikakke a wurin da ake ba da inshora, to ita za ta iya ɗaukar ku duka, kuma babu abin kunya a ciki. Ka ɗauke ta shekara da shekaru.

Na san amsar da ke bakinka: in abin ya yi tsada, sai mu koma gida mu zauna har 65. Ni ma ina son gida, kuma ganin likita da sayen maganin hawan jini a Kano ya fi nan sauƙi nesa ba kusa ba ga mai dala a hannu. Nijeriya ma ta yi sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022. Amma ka tambayi duk wanda ya yi jinyar mai wankin ƙoda ko mai ciwon daji a gida, yadda ake sayar da fili da mota, ana neman bizar Masar ko Indiya. Sa'an nan ita maman yara girin kad gare ta. Idan ta shekara a waje ba tare da izinin dawowa ba, ana iya cewa ta yi watsi da shi. Ku gama maganar takardar zama 'yar ƙasa kafin ku yi dogon zama. Ka kuma sani Medicare ba ta biyan asibitin Kano, ko na Yamai, ko na Kumasi. Duk da haka idan ka cika 65 kana gida, kada ka ce ba ka buƙata. Ana ba ka wata 7 ne ka yi rajista, 3 kafin watan haihuwarka, da watan, da 3 bayansa. Ɓangaren B na Medicare, na ganin likita, dala 185 ne a wata a 2025. Wanda ya makara ba tare da inshorar aikin da yake kan yi ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekarar da ya yi jinkiri, har ya koma ga Allah. COBRA ba ta kare mutum daga wannan tara, mutane da yawa sun faɗa ta nan.

Ɓangaren A, na kwanciya asibiti, kyauta ne ga wanda ya yi shekara 10 yana biyan haraji, wato maki 40. Kai ka wuce nan, kuma maman yara za ta ci albarkacinka idan lokacinta ya yi. Amma don Allah ka isar da wannan ga 'yan'uwanmu masu tasi da Uber da masu aikin biyan hannu, waɗanda suke murna sun nuna wa gwamnati ba su samu komai ba. Maki 4 kawai ake samu a shekara, a 2025 kowane ɗaya sai an nuna samun dala 1,810. Wanda bai kai maki 30 ba, ɓangaren A kaɗai dala 518 ne a wata a 2025. Harajin da ya ɓoye yana 40 zai biya shi yana 65, lokacin da ba ƙarfin tuƙi.

Ban ce ka mutu a bakin aiki ba. Akwai tsaka-tsaki. A kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, awa 30 a sati ana lissafa ta cikakken aiki wajen inshora. Ka nemi a sauke ka daga aikin dare, a rage maka awa, ka karɓi ragin albashi da hannu biyu. Abin da kamfani yake biya maka na asibiti ya fi abin da za a rage. Idan kuma ka bar aiki, kwana 60 kake da su ka shiga kasuwar inshora, in suka wuce sai ka jira watan Nuwamba. Kada ka yarda a samu ko wata ɗaya da gidanka ba inshora.

Shawarata ita ce kada ka ajiye aiki a 60. Ka rage shi, ka tara tsabar kuɗi da HSA, ka bar 401k ya kwanta, ka kai 63 da rabi in Allah ya ba da rai da lafiya, sai dai in maman yara ta samu aikin da zai ɗauke ku kafin nan. Ko a 63 da rabi ɗin ma, sai ka ware kuɗin inshorarta na shekarun da suka rage mata daban, ka ɗauka ba naka ba ne. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka nemi masu taimakon cike inshora da ake samu kyauta ta shafin HealthCare.gov, ka je da takardar harajinka ta bara, ka kuma je da ita. Ka gaishe mini da ita da yaran.